Ginin da Mutanen Gari Za Su Iya Riƙewa

A sashen da nake karatun zanen gine-gine, babu batun da ya fi yawo a bakin malamai da ɗalibai kamar batun gini mai ɗorewa, wato ginin da ba ya shan makamashi da yawa, ba ya lalata muhalli, kuma yana amfanar mutanen da aka yi shi dominsu. Sai dai mafi yawan hotunan da ke cikin littattafan da muke karantawa na dogayen benaye ne na gilashi a Turai ko Singafo, an dasa shuke-shuke a barandarsu, an shimfiɗa allunan sola a samansu. Akwai ilimi mai zurfi a cikin waɗannan ayyuka, kuma ina ƙaruwa da su, amma an yi su ne domin mutanen da ke da wutar lantarki dare da rana, da kamfanonin da ke zuwa gyara da zarar wani abu ya tsaya. Abin da ke gabanmu a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram daban ne. Mu abin da ake nema a wurinmu shi ne ɗakin da mutum zai iya kwana a cikinsa a watan Afrilu ba tare da fanka ba, a kan kuɗin da talaka zai iya haɗawa, kuma wanda idan ya tsage bayan shekara goma akwai mai gyara shi a cikin garin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi na fi ba muhimmanci, kuma a kansa na ɗora aikin zanen da nake yi a wannan zango.

Zan fara da zafi, domin shi ne abin da kowa ya sani a jikinsa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a yawancin garuruwan ƙasar Hausa. Ginin da ya zama ruwan dare a yau kuwa bangon bulon siminti ne mai inci shida ko tara, mai rami a ciki, sai kwano a sama, da ɗan siririn silin idan mai gida ya samu hali. Kwano yana ɗaukar zafin rana nan take ya sauke shi a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa, bulon kuma ba shi da kaurin da zai tare zafin waje na dogon lokaci, saboda haka kafin la'asar ɗakin ya daina zaunuwa. Mai hali sai ya sayi na'urar sanyaya ɗaki da janareta, ya yi ta zuba kuɗin mai muddin yana cikin gidan. Marar hali kuwa sai ya fitar da tabarma tsakar gida shi da iyalinsa, ko su cunkushe a ɗaki mai taga ɗaya idan ana tsoron ɓarayi. A wannan lokaci ne kuma cutar sanƙarau take yaɗuwa, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsa shi yana cikin abubuwan da ke taimaka mata. Ke nan kaurin bango da girman taga magana ce ta lafiya da ta aljihu tun kafin a zo maganar kyau.

Sai kuma siminti kansa. Ana yin sa ne ta hanyar toya dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, kuma ban da man da ake ƙonawa, shi kansa dutsen yana sakin iskar kabon yayin da yake toyuwa. Wannan ya sa masana'antar siminti ita kaɗai take fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke sakewa a duniya. Ba lallai ne wannan lissafi ya dami mutumin ƙauye ba, kuma ban ga laifinsa ba, tunda ba shi ya gurɓata sararin samaniya ba. Abin da ya dame shi shi ne buhun da aka ɗauko a tirela daga Obajana ko Ashaka ko Sakkwato ko Malbaza, wanda farashinsa ke tashi duk lokacin da man dizal ya tashi, kuma kuɗin da ya biya ba ya kwana a garinsu. Idan aka yi gini da ƙasar wurin, kaso mai tsoka na kuɗin yana shiga hannun masu haƙa ne, da masu jaki da amalanke, da 'yan ga-ruwa, da masu buga tubali da magina, waɗanda dukansu 'yan gari ne. Inda kuɗin gini ke tafiya ɓangare ne na zanen a wurina, ko da yake ba ya fitowa a takarda.

Maginan dā sun san duk wannan a aikace. Sukan kwaɓa jar ƙasa da ruwa da ciyawa, su bar ta ta yi kwanaki tana tsimuwa, sannan su mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, su shanya shi a rana, su jera shi a tsaye cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri sosai daga ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama. Irin wannan bango yana shan zafin rana a hankali, ta yadda kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, iskar waje ta huce, a hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi yake ba masu ɗaki da dare. A rufi sukan yi amfani da azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita biyu, kuma wannan iyaka ce ta haifar da dabarar da ta fi kowace burge ni a ginin Hausa, wato bakan gizo, inda ake ɗaure gajerun azaru hawa-hawa daga bangaye biyu, a lulluɓe su da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su ɗauki rufin babban soro. Don kare gini daga ruwa kuwa akwai makuba, da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin da ke taruwa a ramin marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Abin da marini da majemi suka zubar, shi magini yake ɗauka ya shafe rufi da shi, indararo kuma ya harba ruwan sama nesa da gindin bango.

Da waɗannan kayan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da su aka tsayar da hasumiyar Gobarau a Katsina, haka nan hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 ginin ƙasa ce, kuma tsohon birnin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Amma abin da ya fi shafar aikina shi ne tsarin gidan talaka. Baƙo yana tsayawa a zaure, inda mai gida ke karɓar mutane, ake karatun allo, ake ɗinki ko saƙa. Wanda ya fi kusanci yakan wuce zuwa shigifa, tsakar gida kuma ta mata da yara ce, a nan ake girki da daka da wanki da sana'ar da ke ciyar da gidaje da yawa. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. Wannan tsari ya san mutanen da ke cikinsa, ya san kunyarsu da hulɗarsu da hanyar cin abincinsu. Da yawa daga gidajen da ake zanawa a sababbin unguwanni kuwa an cike filin da ɗakuna, an bar siririn lungu a kewaye, sai ka tarar matar gida tana hura gawayi a bayan taga saboda ba a bar mata inda za ta yi ba.

Duk da haka ba zan ce mutane sun bar ginin ƙasa don jahilci ko kwaikwayo ba, domin suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma ɗalibin da bai saurare su ba zai yi ta zana abin da babu mai so. Ginin ƙasa irin na dā yana neman yaɓe kusan kowace shekara kafin damina, kuma a dā gayya ce take ɗaukar wannan nauyi. Yanzu samari sun tafi ci-rani ko makaranta, wanda ya rage kuma sai an biya shi. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci. Marina da yawa sun mutu, katsi ya tafi tare da su. Akwai kuma wanda ya taɓa kwana a zaune a watan Agusta yana sauraron rufi na ɗiga, ko ya taɓa taya haƙo maƙwabcinsa daga ƙarƙashin bangon da ya faɗi. Irin wannan mutum ba ya bukatar lacca a kan kyawun gargajiya. Sannan akwai maganar mutunci, wadda ita ce ta fi wuyar magani. A garuruwa da yawa gidan ƙasa ya zama alamar rashi, har iyayen yarinya sukan tambaya ko ɗakin da za a kai ta na siminti ne, shi ya sa wanda ya samu 'yan kuɗi yakan shafe bangon ƙasarsa da filastar siminti, wadda ba ta kama ƙasa da kyau, ruwa ya shiga bayanta ya kasa fita, bangon ya ruɓe a ɓoye.

A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata lokacin sallar la'asar, aka rasa rayuka. A Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwan sama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Waɗannan gine-gine sun haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, wanda hakan shaida ce ga ƙarfin ƙasa idan tana samun kulawa, kuma faɗuwarsu gargaɗi ce ga duk mai son yin gini da ita a zamanin da hannun masu kulawar ya yi ƙaranci, ruwan sama kuma yake zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci. Aikin mai zane a yau shi ne ya riƙe sanyin ƙasa da arahar ta, ya rage yawan kulawar da take nema.

Akwai waɗanda suka riga mu yin wannan, kuma ba a nesa suke ba. Francis Kéré ɗan ƙauyen Gando ne a Burkina Faso, kuma yana ɗalibin zanen gine-gine a Balin ta Jamus ya tara taimako ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare mai aji uku, wadda aka kammala a 2001. Ya yi bangon da tubalin ƙasa da aka ƙarfafa da ɗan siminti aka matse da inji, ya yi silin na tubali, sannan ya ɗaga rufin kwano sama da silin ɗin a kan ƙarafa, ya bar sarari a tsakani. Kwanon yana tare rana da ruwa, ya zarce bango sosai don ya kare shi, iska mai zafi kuma tana tashi ta fice ta wannan sarari maimakon ta sauka a kan yara. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin, maza da mata, kuma wasunsu sun fita daga ciki da sana'a. Makarantar ta samu lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Abin da nake yawan tunawa a labarin shi ne cewa bai jira ya gama karatu ba, kuma kwanon da kowa ke kuka da zafinsa bai jefar da shi ba, wurin zama kawai ya canja masa.

Misalin da ya fi kusa da zuciyata yana Dandaji ne, a jihar Tawa ta Nijar, cikin ƙasar Hausa. Tsohon masallacin Juma'ar garin ginin ƙasa ne na Alhaji Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama, wanda ya fara a 1962 ya ci gaba da ƙara masa har farkon shekarun 1980, kuma aka ba shi lambar Aga Khan a 1986. Da masallacin Dandaji ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, hanya mafi sauƙi ita ce a rushe shi a yi na siminti a wurin. Masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kawo wata shawara, cewa a gyara tsohon a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a kusa da shi. Aka nemo maginan da suka san tsohon ginin suka shiga aikin gyaransa, sabon kuma aka yi shi da matsattsen tubali na jar ƙasar yankin. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma, tsohon gidan ilimin nan na Bagadaza.

Abin da ya sa nake ganin wannan aiki ya wuce maganar kayan gini shi ne yadda ya canja masu shiga wurin. Matan da a dā ba su da wata alaƙa ta yau da kullum da harabar masallaci sun samu ɗakin karatu da azuzuwan yaƙi da jahilci a cikinta, 'yan makaranta sun samu inda za su zauna su yi bita, kuma mai zuwa salla da mai zuwa karatu suna bin fili ɗaya. Sabon masallacin kuma ginin ƙasa ne da ba wanda zai kalle shi ya ce na marasa hali ne. A ganina wannan ita ce babbar nasarar, domin hujjar da ke cikin littafi ba ta cire wa mutum kunyar gidan ƙasa, amma idan ya yi sallar Juma'a a cikin ginin ƙasa mai tsayi da sanyi da kyau, ya ga baƙi suna zuwa daga nesa don su gan shi, tunaninsa yakan fara sauyawa. A Yamai ma Mariam da abokan aikinta sun gina gidaje shida masu bene da irin wannan tubali, aikin da ake kira Niamey 2000 wanda aka gama a 2016, don su nuna cewa ana iya tara iyalai a ƙaramin fili a cikin birni ba tare da an hana kowane gida tsakar gidansa da sirrinsa ba.

Akwai kuma darasin da ke zuwa daga aikin da bai yi nasara ba. Hassan Fathy, mai zanen gine-gine na Masar, ya zana ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor a shekarun 1940, da tubalin ƙasa da rufin ƙubba, kuma har yau ana koyar da kyawun zanen. Amma hukuma ce ta yanke shawarar tayar da mutanen daga inda suke, su kuwa ba su so tashi ba, aikin ya tsaya bai kammala ba. Duk da haka dabarar rufin da ya farfaɗo da ita ta iso Nijar, inda tun 1980 aka fara koya wa magina gini ba katako a Cikal, ana rufe ɗaki da tubali zalla ba tare da an sare itace ko ɗaya ba.

Aikin da nake zanawa ƙaramin asibiti ne mai ɗakin haihuwa, domin wani ƙauye da ke bayan garinmu. Kafin in ja layi ko ɗaya na zauna da ma'aikaciyar lafiyar da ke wurin, da wata dattijuwar ungozoma da kowa ke kira Inna, da matan da na tarar suna jiran awo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da suka fi nanatawa ba ya cikin jerin ɗakunan da aka ba mu a aji. Mara lafiya a wurinmu ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Akwai mai jinya da za ta kwana da shi, ta dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, akwai kuma 'yan dubiya da ke zuwa rukuni-rukuni. Tsarin asibitin da muka gada bai san da waɗannan mutane ba, shi ya sa ake ganinsu a kwance a baranda, suna girki a gindin katanga. Inna ta ƙara da abin da ya fi wannan nauyi, cewa akwai matan da ke gwammace haihuwa a gida saboda kafin su kai ɗakin haihuwa sai sun ratsa ta gaban mazan da ke zaune a bakin ƙofa, kuma tagar ɗakin tana kallon hanya. Idan wurin da aka sa ƙofa zai iya hana mace zuwa inda za a ceci ranta, to mai zane yana da hannu a cikin abin da ya biyo baya.

Saboda haka na ɗauko tsarin gidan Hausa na shimfiɗa asibitin a kansa. Daga hanya akwai babban zaure mai dakali inda maza da 'yan dubiya za su zauna a inuwa, daga nan a karkata zuwa fili na farko inda ɗakin duba marasa lafiya da na magani da na rigakafi suke. Fili na biyu na mata ne, kuma ɗakin haihuwa yana can ƙarshensa, da tagogi a sama da tsayin mutum, da ƙofarsa ta daban wadda mota ko a-daidaita-sahu za ta iya isa da dare. A gefen wannan fili na sa rumfar masu jinya, da murhu, da wurin wanki da shanya, da makewayi nesa da tankin ruwa. Dogayen ɓangarorin ginin suna fuskantar kudu da arewa, don rana ta safe da ta yamma ta sami ɗan guntun bango kawai ta daka, tagogi kuma suna fuskantar juna don iskar damina da ke tasowa daga kudu maso yamma ta ratsa. Bangon gabas na fi ba kariya, domin daga can hadari ke tasowa da iska, kuma duk maginin gargajiya zai gaya maka shi ne bangon da ke fara zaizayewa.

Ban guje wa siminti ba, na dai ajiye shi inda aikinsa yake. Harsashin na dutse ne da siminti, ya ɗago har kusan gwiwa, don ruwan da ke kwance ko mai fantsama kada ya taɓa ƙasa. Akwai ɗaurin kankare da rodi a saman bango wanda ya kewaye ginin, kuma a jikinsa za a ɗaure ƙarafan rufi, saboda guguwar farkon damina ta saba yaye kwanon makarantu da asibitoci. Daɓen ɗakin haihuwa da bangonsa na tayil ne, domin wuri ne da dole a wanke shi da ruwa da magani kullum. Sauran bangon na matsattsen tubali ne, wanda ake yi da jar ƙasa mai ɗan danshi da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse a injin hannu, a rufe shi yana shan danshi har kusan mako huɗu, ba tare da an toya shi da itace ba. Rufin hawa biyu ne irin na Gando, amma na kewaye sararin da raga, don jemagu da tsuntsaye kada su mayar da saman ɗakin haihuwa gidansu. Sola kuwa na ware ta ga abin da ba shi da madadi, wato firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa da famfon ruwa.

Rufin kuma zai tara ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rufi mai murabba'in mita 200 a shekarar da aka samu milimita 700 zai karɓi lita 140,000 kafin a cire abin da ya zube. Ko rabin wannan aka adana, ya rage wa masu jinya zuwa rijiya na watanni. Ramin da za a haƙi ƙasar tubali shi ma na sa shi a cikin zanen, domin kududdufan tsohon birnin Kano daga haƙar ƙasar gini suka samo asali, kuma mun ga yadda suka koma matattarar shara da sauro, waɗanda aka cike aka yi gini a kansu kuma suka bar ruwan unguwa ba shi da wurin zuwa. A nan ramin zai kasance a gangaren filin, a kewaye shi, ya karɓi rarar ruwa domin shayar da itatuwan inuwa.

Wani dattijon magini da muke kira Baba shi ya duba mini ƙasar wurin. Ni na zuba ta a kwalba da ruwa na girgiza, na jira yashi da laka da yumɓu su kwanta hawa-hawa don in auna kowanne, shi kuwa ya jiƙa ta ya murza a tafin hannu, ya sansana, ya ce a kauce wa ta saman da ake noma a kai a gangara zuwa ja, kuma abin da kwalbar ta nuna bai saɓa wa maganarsa ba. Shi ne kuma ya gyara mini jadawalin aiki, ya ce a buga tubali bayan kaka, lokacin da mutane suka sauke aikin gona kuma tafkuna ba su ƙafe ba, domin a tsakiyar rani ruwan kwaɓi da na jiƙa tubali sai an saya. Babu littafin da ya gaya mini wannan. Yana damuna ƙwarai cewa mutane irin Baba, waɗanda suka gaji ilimin da ya tsayar da soraye shekaru aru-aru, ba sa shiga azuzuwanmu sai dai mu je mu ɗauki hotonsu, alhali kamata ya yi a gayyace su su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami.

Game da kuɗi, gaskiyar ita ce matsattsen tubali ba kullum yake fin bulo araha a ranar gini ba, musamman idan sai an ɗauko inji da mai koyarwa daga nesa domin gini ɗaya tak. Ribarsa tana fitowa ne idan injin ya zauna a garin, samarin da suka koya suka ci gaba da buga tubali suna sayarwa, da kuma a shekarun da asibitin zai yi ba ya neman man janareta don a iya zama a cikinsa. Shi ya sa na sa kuɗin injin da na horar da matasa a cikin kasafin ginin, na ware ɗan ɗaki da za a ajiye rarar tubali domin gyara, kuma nake shirya 'yar takardar kulawa mai hotuna, da boko da ajami, wadda ke nuna abin da za a duba kafin kowace damina: a share magudanar rufi, a ɗaure ƙusar da ta saki, a cike ramin da ya buɗe a gindin bango, a kira magini da zarar an ga tsaga. Duk abin da ke cikin ginin na auna shi da tambayar ko akwai mai walda ko kafinta ko magini a kasuwar yankin da zai iya gyara shi, abin da ba shi da mai gyara kuma na cire shi ko da ya ƙara wa zanen kyau.

Saura amincewar mutanen garin, waɗanda wasunsu suka faɗa mini a fili cewa asibitin siminti suke so kamar na kowa, kuma suna da haƙƙin faɗin haka tunda su za su kwanta a ciki. Mun yi shawara da Baba da mai unguwa cewa kafin damina za mu tayar da ɗan guntun bango na gwaji a filin, mai fuskantar gabas, rabinsa a ƙarƙashin kwano mai zarce bango, rabinsa a buɗe, kusa da wani na bulon siminti mai tsayi ɗaya. Za a bar su su sha ruwan shekara, bayan kaka kuma dattawa da mata da matasan garin su zo su duba da idonsu, su ƙwanƙwasa, su kankare da farce, sannan a yanke shawarar abin da za a gina asibitin da shi.